Ga Likitar da Ta Toshe Ɓarauniyar Hanyar Zuciyata

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe, Allah ya karɓi ranki, Mama Likita, a hawa na uku na asibitin da kika yi shekara ashirin da shida kina duba marasa lafiya a hawansa na ƙasa. Aro Ya ba mu, Ya karɓi abinSa, mu ma duk can muka dosa. An yi miki sutura a ranar, bayan la'asar. Ni ban sani ba. Ina makaranta, sai washegari na ji.

Ban taɓa rubuta ta'aziyya ba, kuma ban iya magana ba. Ke shaida ce: kusan shekara ɗaya da rabi kina yi mini tambaya ina ba takalmina amsa. Amma akwai maganar da ya kamata in faɗa miki kina da rai, ban faɗa ba, kuma ta hana ni sakat. Wata huɗu na yi ina yi miki ƙarya. Kin ba ni magani, kin ce kada in kuskura in tsallake ko kwana ɗaya. Na daina sha, ina zuwa ina zama a gabanki ina cewa ina sha. Zan faɗi yadda aka yi tun daga farko, domin wanda bai san abin da kika yi mini ba, ba zai gane girman abin da na yi miki ba.

Tun da na yi wayo akwai ƙara a ƙirjina. Ba bugun zuciya nake nufi ba, wannan kowa yana da shi. Wata ƙara ce a ƙarƙashin bugun, ba ta yankewa, kamar injin niƙa na bayan layi da ake ji ta cikin bango. Idan na ɗora tafin hannu a ƙirji sai in ji yana karkarwa a hankali. Kaka, mahaifiyar Babana, wadda ta riƙe ni tun rasuwar Mama, takan ce kyanwa na haɗiye ina jaririya. Na ɗauka kowa haka nasa ƙirjin yake. Sai da na shiga aji huɗu na sakandare matakalar makarantarmu ta fara gagarata. Ina kaiwa tsakiya sai in tsaya in yi kamar ina gyara igiyar takalmi, alhali wani nauyi ne ya danne ni kamar an ɗora mini bulo.

Likitan farko da ya saurare ni mutumin kirki ne. Ya ce akwai wata 'yar ƙofa tsakanin manyan jijiyoyi biyu da ake haihuwar kowane jariri da ita, takan rufe da kanta cikin 'yan kwanaki, tawa ce ba ta rufe ba. Ya ce abu ne da aka saba gani. Ya rubuta takarda ya turo mu wurinki domin a sa ranar rufe ta.

Ɗakinki shi ne na ƙarshe a doguwar barandar, bayan ɗakin ɗibar jini. Fankarsa ba ta juyawa, ba don ta lalace ba, ke kike kashe ta. Agogon bangon ma kin cire masa batir, ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma, domin kin ce ƙas-ƙas ɗinsa yana shiga miki aiki. Ban taɓa shiga ɗakin da ya kai shi shiru ba. Kika ajiye takardar ba ki buɗe ba. Kika sa Sista, nas ɗin da ke aiki da ke, ta riƙe zane tsakanina da Baba, kika ɗumama bakin abin sauraren ƙirji a tafin hannunki, kika rufe ido. Kin fara daga sama ta hagu, ƙarƙashin ƙashin wuya. Kina matsawa kaɗan-kaɗan kamar mai neman allura a tabarma, har kika tsallaka tsakiyar ƙirjin kika gangara ta dama. A nan kika tsaya.

Sai na ji ƙarata tana fitowa daga bakinki.

Leɓɓanki a rufe, idonki a rufe, kina yin ta a maƙogwaro daidai da daidai, har inda take ɗan tashi da inda take ɗan sauka. Abin da na yi shekara goma sha huɗu ina ji ni kaɗai, ga shi a waje, a bakin matar da ban taɓa gani ba. Kika ɗauki biro kika ɗiga mini alama a wurin, sannan kika tambayi Baba sana'arsa. Ya ce gyaran famfo.

Kika ce, "To, Injiniya, idan bututu yana yoyo a cikin bango, a ina ƙarar ta fi ƙarfi?"

Ya ce, "A daidai inda ya fashe, ranki ya daɗe."

Sai a lokacin kika buɗe takardar kika karanta. Kika ce, "Ƙofar da aka rubuto a nan a sama take, ta hagu. Ƙarar 'yarka a ƙasa take, ta dama. Da mun bi takarda da mun fasa bangon da ba shi ba."

Baba ya yi dariya, dariyarsa ta farko cikin mako biyu, ya ce, "Mu ma yana faruwa da mu. Sai mu ce mai gida ne ya nuna mana wurin."

Daga nan aka shiga ɗaukar hotuna. Na kwanta a ɗaki mai duhu, an shafa mini wani mai mai sanyi, ina kallon zuciyata a allo tana buɗe baki tana rufewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Bayan mako guda aka ɗura mini ruwan rini ta jijiyar hannu aka tura ni cikin babbar na'ura mai zobe. Da hoton ya fito, ba Baba kaɗai kika yi wa bayani ba, kin juyo da allon wajena. Kin ce zuciya tana da ƙananan jijiyoyi biyu da suke ciyar da ita kanta. Ta dama ya kamata kaurinta ya yi kamar bututun cikin biro. Tawa ta kai babban yatsa, ta yi ta lanƙwasa kamar maciji a kan yashi, ta je ta zuba kanta a cikin babbar jijiyar da ke dawo da jini zuciya. Kika kira ta ɓarauniyar hanya. Jinin da aka aiko ya ciyar da zuciyar sai ya bi ta nan ya tsere, ya bar ta tana ciyar da duk jiki ita tana fama da yunwa. Kin ce da irin wannan hanya ake haihuwar wasu, idan ƙarama ce akan bar ta a riƙa sa mata ido, amma tawa ta wuce a bari.

Duk da haka wata tara kika yi ba ki taɓa ni ba. Kin zauna da likitocin tiyata a kan ko a buɗe ƙirjin ko a bi ta jijiya. Kin auna hanyar sau uku, kin jira toshiyar da ta yi daidai da faɗinta. Kin ce wurin da za a toshe shi ne duk aikin: akwai ƙananan rassa masu kyau da suka fito daga jikin jijiyar suna ciyar da naman zuciya, idan aka toshe kafin reshen ƙarshe an kashe abin da aka zo ceto.

A wannan jiran na san ki. Sista ta gaya mini ba kya riƙe suna, ko na abokan aikinki sai kin yi kame-kame, amma ba ki taɓa manta ƙarar zuciyar da kika saurara ba. Na gani da idona. Wani dattijo ya tare ki a baranda yana gaisuwa, kika dube shi ba ki gane shi ba, kika rufe ido kika yi wata 'yar ƙara kamar kukan kurciya, sannan kika ce, "Kai ne! Shekara goma sha ɗaya ke nan, ina ka shiga?" Kowa da sunan da kika sa masa. Akwai Mai Kurciya, akwai Mai Usur, ni ce Mai Inji. Kin ba ni tsohon littafinki mai zanen zuciya da kika ji ina son ilimin halittu. Kin taɓa tsayar da ɗaliban likitanci takwas a waje domin kin ga na dunƙule hannu da suka shigo. Wata rana kuma kika sa mini abin sauraren a kunne, kika ɗora bakinsa a naki ƙirjin. Na ji bugu, sai shiru, sai bugu. Shirun ya ba ni tsoro, kamar rami tsakanin matakala da matakala. Na ce, "Wannan shirun fa?" Kika ce, "Haka ta kowa take, 'yata. Ke ma za ki saba."

A dogon hutu aka yi aikin. Ba a sa ni barci gaba ɗaya ba, ina ji sama-sama. Kina sanye da riga mai nauyi ta kare hasken na'urar ɗaukar hoto, kin zura siririyar roba ta jijiyar saman cinyata har zuciya. Duk sanda kika watsa rini sai wata baƙar bishiya ta bayyana a allo ta ɓace. Kafin ki saki toshiyar kin hura ɗan balan-balan a wurin kin tare hanyar minti goma, idonki a kan layin bugun zuciyata, ko wani reshe zai yi ƙorafi. Babu wanda ya yi. Kika ce, "Mai Inji, saurara."

Na saurara. Ƙarar ta fara ja da baya, tana sauka, tana sauka, kamar injin da aka ɗauke wa wuta. Ta tsaya. Na ɗauka mutuwa na yi, domin ban san ana rayuwa cikin irin wannan shirun ba. Hawaye ya gangaro mini cikin kunne. Kika ce, "Kina nan. Ga ki can a allo."

Baba ya so ya yi murna ya gama. Ya ce yoyo ya tsaya, aiki ya ƙare. Kika ce, "Injiniya, idan ka toshe ƙarshen ƙaton bututu ka bar ruwa kwance a ciki, me yake yi?" Ya ce sai ya tara datti ya cushe. Kika ce jini ya fi ruwa saurin yin haka. Hanyar ta rufe, amma jijiyar tana nan da faɗinta kamar buhun da aka ɗaure wa baki, jini yana kwanciya a ciki. Idan ya daskare, gudan zai iya girma ya koma baya ya rufe rassan nan masu kyau, kuma wannan ba ya sallama. Don haka kika ɗora ni a kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum, da gwajin jini duk wata, har sai jijiyar ta tsuke.

Abin da zan rubuta yanzu na yi kwana uku ina kewaye shi.

Maganin ya taɓa al'adata. Abin da yake kwana huɗu ya koma kwana tara. Na fara ganin jiri a layin taron safe. Wata rana na tashi in amsa tambaya a aji, wadda ke bayana ta jawo ni ta zaunar, ta miƙo mini rigar sanyinta in ɗaura a ƙugu. Na ga idon wasu a kaina. A gida ba ni da wadda zan gaya wa. Kaka ba ta ji sai an ɗaga murya, kuma wannan ba maganar ɗaga murya ba ce a gida mai ɗaki biyu. A asibiti kuwa Baba ba ya barina ni kaɗai. Yakan bar aikinsa ya raka ni, ya zauna a kujerar gefe da hularsa a gwiwa, duk don ƙauna.

A watan Nuwamba na daina sha. Baba yakan miƙo mini ƙwayar da kansa kafin ya fita, in sa a baki in kurɓi ruwa, idan ya juya in tofo ta a hannu in jefa a akwatin kayan lissafina. Na lura idan na sha kwana huɗu kafin gwaji, sakamakon yakan matso kusa da inda ake so. Ƙirjina shiru, matakala ba ta gagarata, al'adata ta daidaita. Na gaya wa kaina na warke.

Zuwana na ƙarshe wurinki a tsakiyar Fabrairu ne. Kin rame. Kin sa rigar sanyi a ƙarƙashin farar rigar aiki, zobenki an naɗa masa zare don kada ya zame. Ba wanda ya gaya mana ciwon daji ke cin ki, ni kuma ban tambaya ba. Kika jera takardun gwajina na watanni a kan tebur kika daɗe kina kallo. Kika ja fatar idona ƙasa kika duba. Sannan kika ce wa Baba famfon banɗakin ma'aikata yana ɗiga, yana hana ki saurare, ya taimaka ya duba.

Da ya fita kika ce, "'Yata, idan akwai abin da maganin nan yake yi miki, akwai yadda ake yi. Ba ke ce ta farko ba. Amma sai kin faɗa."

Na ce, "Babu komai."

Kika yi shiru kina jira, a ɗakin nan da babu fanka babu agogo. Ina jin numfashinki, yana da wani ɗan ja a ƙarshe da ban san ki da shi ba. Maganar ta zo har bakina. Da kin ƙara minti ɗaya wataƙila da na faɗa, ko kuma haka nake gaya wa kaina. Baba ya dawo yana goge hannu yana cewa famfon lafiyarsa lau. Kika ce, "Ashe kunnena ne ya fara tsufa." Kika ce in dawo bayan mako biyu, ba wata ɗaya ba.

Kafin ranar aka kira Baba aka ce ba ki da lafiya, wani likita ne zai gan mu. Na ce muna da jarrabawa a ranar, a ɗaga. Ba mu da jarrabawa. Kuma zan faɗi gaskiya duka: na ji daɗi da aka ce ba kya nan.

Ranar Talatar da kika rasu muna rubuta gwaji a aji, kowa ya yi tsit sai ƙarar biro. Agogon ajinmu yana saman allo, shi ya sa na san lokacin. Sai na ji ƙarar. Na kai hannu ƙirji, babu karkarwa, babu komai. Ba a ƙirjina take ba. Ta gefen kunnena na dama take, kusa ƙwarai, kuma da numfashi a cikinta: ta tafi, ta yanke, a ja iska, ta ci gaba. Ƙarar ƙirjina ba ta taɓa yankewa haka ba duk shekarun da na yi da ita. Mutum ɗaya na sani da yake yin ta da numfashi. Na juya, babu kowa sai taga a rufe. Na taɓa wadda muke zama tare na ce, "Kin ji?" Ta ce, "Na ji me? In amsar tambaya ta bakwai ce, faɗo." Ba ta kai minti ɗaya ba ta sauka ta tsaya.

Na gaya wa kaina toshiyar ce ta zame saboda na daina shan magani. Tsoro ya yi abin da kunya ta hana. Washegari na sa kayan makaranta na hau motar da ke zuwa ɓangaren asibiti maimakon ta makaranta, karo na farko da na zo asibiti ni kaɗai.

Ƙofar ɗakinki a buɗe take, abin da ban taɓa gani ba. Fanka tana juyawa. Farar rigarki tana rataye a ƙusa, hannayenta sun ɗan lanƙwasa kamar da mutum a ciki. Sista tana zuba fayiloli a kwali. Ta ɗago ta gan ni, ta dubi bayana ba ta ga Baba ba, sai ta dafa tebur ta zauna. Ta ce, "Mai Inji, ke kaɗai?" Na ce eh. Ta gaya mini kin rasu jiya, ta faɗi lokacin. Ban tambaye ta lokacin ba, ita ta faɗa.

Ta jawo fayil ɗina, ba daga kwalin ba, daga aljihun teburinta. Ta ce ranar Litinin kin sa ta hau miki da fayil goma sha ɗaya har gadonki, 'ya'yanki suna roƙonki ki huta kina cewa yanzu za ki gama. Nawa ne na ƙarshe. Rubutun ya fara a kan layi ya ƙare yana gangarowa gefen takarda. Na haddace shi:

"Ina zaton yarinyar nan ba ta shan maganinta sai gab da gwaji. Kada a ga sakamakon ya yi ƙasa a ƙara mata, idan ta sha ƙarin zai zubar mata da jini. A tambaye ta al'adarta. Mace ta tambaye ta, ba a gaban mahaifinta ba. Ba maƙaryaciya ba ce, kunya ce. Laifina ne da ban tambaye ta kai tsaye ba. Ranar da ta zo ita kaɗai kada a ce ta dawo gobe, a ɗauki hoton zuciyarta a ranar."

Sista ta ce safiyar Talata ba kya gane mutane, amma kina ta yin ƙararrakin nan naki a maƙogwaro, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zagaya gadaje. Ta ce ita ba ta san na wane da wane ba ne. Ta ce, "Ta ƙarshen dai doguwa ce, ba ta da gaɓa, kamar haka take." Ta rufe leɓe za ta kwaikwaya. Na ce, "Sista, don Allah bari."

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, haka aka koya mana kuma haka na yi imani. Likitan da ya gaje ki ya ce ƙarancin jini da damuwa suna sa kunne ya yi ƙara, shi ma na yarda da shi. Abin da na ji kawai na rubuta. Allah ne masani.

Sista ta rufe ƙofa ta yi mini tambayar, na faɗa mata komai. Bai kai minti biyu ba. Abin da na ɗauka wata huɗu a kaina bai kai minti biyu ba. Kafin azahar ina kwance a ɗakin nan mai duhu. Likitan, dattijo mai furfura a gemu, ya ce toshiyarki tana nan daram, ko ɗigo ba ya wucewa. Sai ya matsa da bakin na'urar kaɗan ya tsaya. A cikin buhun jijiyar jini yana juyawa a hankali kamar hayaƙi a rufaffen ɗaki, kuma a jikin bangonta akwai wani abu kamar ƙwayar wake a manne. Ya ce gudan jini ne. Ya nuna mini reshen farko mai kyau, tsakaninsu bai kai faɗin farce ba. Ban tambaye shi kwana nawa suka rage ba, shi ma bai faɗa ba. Ya ce a ba ni gado.

Baba ya iso da kayan aikinsa a kafaɗa, gwiwoyin wandonsa a jiƙe. Sista ta ce za ta yi masa bayani. Na ce a'a, ni zan yi. Na buɗe akwatin kayan lissafin na miƙa masa, ya ga ƙwayoyin sun cika shi, wasu sun narke sun manne da juna. Na gaya masa dalili ina kallon bargo. Ya rufe akwatin.

Sannan ya ce, "Na ga kina wankin zanin gado da asuba. Ba sau ɗaya ba. Na tsaya a ƙofa zan tambaye ki, sai in ce wannan ba hurumina ba ne, in wuce." Ya goge fuska da hularsa. "Kunyarki da tawa sun haɗu sun kusa kai ki kabari, uwata. Daga yau idan mun zo, a waje zan zauna. Ki faɗa musu komai. Abin da ya kamata in sani, ki aiko Sista ta gaya mini, ita ba ta jin kunyar kowa."

Sista ta ce, "Ka gode wa Allah ba ka da ciwo, Injiniya, da ka ga rashin kunya."

Kwana tara na yi a kwance ana yi mini allurai a ciki. An kawo likitar mata ta ba ni abin da ke rage zubar ba tare da an taɓa maganin zuciyar ba, da maganin ƙarin jini. Ashe abu ne da suke yi kullum. Gudan ya ragu, bai tafi duka ba, za a sake dubawa ƙarshen wata. Sista ta ce mu bakwai ne 'yan mata da kika bari a kan wannan maganin, ta tambaye ni ko zan yarda ta riƙa ba su wannan rubutun su karanta kafin su shiga ganin likita. Na kwana biyu ina tunani. Na yarda. Ke da kike karantawa a kan bencin baranda, idan akwai abin da kike ɓoyewa, ki ce a fitar da kowa, ki faɗa yau.

Ga maigidanki da 'ya'yanki uku ina miƙa ta'aziyyata, kuma ina da roƙo. Yinin Litinin ɗin nan naku ne. Shi ne na ƙarshe da take gane fuskokinku, kuma wani yanki nasa ya tafi a kan fayil ɗina, saboda kalmar da na kasa faɗa a Fabrairu. Ba ni da yadda zan mayar muku da shi. Ita ba zan iya neman gafararta ba yanzu, sai ku. Ku yafe mini. Ina yi wa Sista ta'aziyya, da abokan aikin Mama Likita, da dukan waɗanda ta sa wa suna.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ta saurari bayinKa lokacin da su kansu ba su san abin da ke damun su ba, Ka saurare ta da rahama. Ka yafe mata kurakuranta, har da wanda ta ɗora wa kanta a kaina, wanda ba nata ba ne. Ka sa ciwon da ta ɓoye ya zame mata kankarar zunubi. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka ɗebe mata kewa a cikinsa, Ka sauƙaƙa mata tambaya. Ka ba iyalinta haƙurin da ya fi ƙarfin rashinta. Duk kwanan da Ka ƙara mini a duniya ta dalilinta, Ka rubuta mata ladarsa, Ka kuma sa in yi abin kirki da shi. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.